Daga Makiyayin Whitby Zuwa Ajin Taura: Waƙar Turanci Tana Neman Kunne

Ranar Lahadi, wanda ya ratsa kasuwar Gujungu ba zai rabu da waƙa ba tun daga bakin titi har layin 'yan hatsu. Mai sayar da magani yana rera tallarsa, mai tura waƙoƙi a waya ya saki Shata a lasifika, can gefe wani makaho da ɗan jagoransa suna jan baitocin wa'azi, mutane suna jefa sadaka suna wucewa. Yaron da ya tashi a Taura, ko Majiya, ko Ringim, kunnensa ya ƙoshi da kari da amsa-amo tun kafin a rubuta masa allo. Idan mai rerawa ya karya baiti, yaron nan zai ji karayar, ko da bai san sunanta ba.

Kashegari Litinin, yaron nan ne zai zauna a aji, a buɗe masa waƙar wani Bature da ya mutu tun kafin a haifi kakansa, a ce ya fitar da jigo da salo. Sau da yawa ba a karanta masa ita da murya ko sau ɗaya. Abin da ke hannunsa ɗan littafin taƙaitawa ne da aka buga don jarrabawa, ya haddace amsoshi, ya zuba wa WAEC ko NECO, ya manta. Idan ka tambaye shi sai ya ce Turancin ya yi tsauri, ko ya ce shi dai ya samu kiredit. Ni ma haka aka koya mini, a wata makarantar kwana, kuma na yi shekaru ina ɗauka cewa waƙar Turawa wani ƙulli ne da aka yi don a wahalar da ɗalibai. Sai daga baya, da na bi tarihinta, na tarar da makiyaya a ciki, da makafi, da 'yan ƙwadago, da maroƙan fada, wato irin mutanen da muka sani.

Mafari daga garke

Mawaƙin Turanci na farko da tarihi ya riƙe sunansa makiyayi ne. Sunansa Caedmon, yana kula da dabbobin wani gidan ibada na Kirista a Whitby, arewacin Ingila, tsakanin shekarar 657 da 680. Malamin tarihi Bede, wanda ya kammala littafinsa a 731, shi ya ba da labarinsa. Al'adarsu ita ce idan an taru cin abinci da dare, sai a riƙa miƙa abin kiɗa mai tsirkiya daga hannu zuwa hannu, kowa ya rera abin da ya iya. Shi kuwa Caedmon bai iya ba, don haka da ya ga abin kiɗan ya doso shi sai ya sulale don kunya, ya tafi wurin dabbobi ya kwanta. A wannan daren ya yi mafarki an umarce shi ya yi waƙar farkon halitta. Ya farka da baitoci a bakinsa. Ɗango tara ne suka rage mana daga gare shi, kuma yabon Mahalicci ne. Duk Bahaushen da ya san yadda mawaƙanmu ke ba da labarin mafarin waƙarsu, wani ya ce gado, wani ya ce mafarki, wani ya ce baiwa ce ta sauko masa rana tsaka, ba zai ji wannan labari baƙo ba.

Waƙar wancan zamani ta fada ce da fagen yaƙi. Mafi shahara ita ce Beowulf, mai ɗango 3,182, wadda ta iso mana a rubutaccen kundi guda ɗaya tak, da aka kwafa wajen shekara ta 1000, kuma gobara ta lashi gefensa a 1731. Labarin jarumi ne da dodanni, amma abin da zai ja hankalin mai nazarin Hausa shi ne aikin mawaƙin cikinta: yana tsaye gaban sarki, yana jero asalinsa da na kakanninsa, yana yabon kyautarsa, yana tuna wa mayaƙa waɗanda suka riga su. Sarki na kirki a wurinsu shi ne mai rabon zobban zinariya. Wannan ai aikin Narambaɗa ne a fadar Isa. Ba su da amsa-amon ƙarshen ɗango a lokacin. Abin da ke ɗaure ɗangonsu shi ne maimaita baƙi ɗaya a farkon kalmomi, irin abin da muke kira karangiya.

A 1066 Normawa suka tsallako daga Faransa suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, Turanci ya koma bakin talakawa. Da ya sake ɗago kai ya riga ya sha kalmomin aro har ya canja kama, kamar yadda Hausa ta sha na Larabci. Da wannan sabon harshe Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi aiki. Ma'aikacin kwastan ne a tashar jiragen ruwa ta Landan, yana karɓar harajin ulu da fatu, saboda haka ya ga mutane iri-iri. A cikin The Canterbury Tales ya tara matafiya wajen talatin a masauki ɗaya, za su ziyara, suka yi yarjejeniya kowa ya ba da labari don rage hanya. Akwai barde, akwai mai niƙa, akwai malamin addini na gaskiya da na bogi, akwai mace mai baki da ta yi aure biyar. Tsofaffinmu da suka tafi Makka da ƙafa ta Chadi da Sudan, da fataken Gwanja da ke kwana a zango, sun san irin wannan hira.

Kari na aro

Wani abin da ba a faya gaya wa ɗalibai ba shi ne, Turawan Ingila ma aron ma'auni suka yi. Waƙar nan mai ɗango 14 da ake kira sonet daga Italiya Thomas Wyatt da abokin zamaninsa Henry Howard suka ɗauko ta a ƙarni na 16. William Shakespeare, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, ya gaje ta ya yi guda 154, aka buga su a 1609. Malamanmu ma haka suka yi da arulin Larabawa: suka ɗauko Mutaƙarab da Kamil da Rajaz suka ɗora wa Hausa, har suka zauna mata daram. Bambancin shi ne, karin rubutacciyar waƙar Hausa yana tafiya ne da nauyin gaɓa, doguwa da gajera, na Turanci kuwa da inda murya ke dannawa. Ɗangon da Shakespeare ya fi amfani da shi gaɓa goma ne, ana danna biyar. Malamin da ya sa 'yan aji suka buga tebur sau biyar suna karantawa ya gama rabin darasi. An ce gani ya kori ji, amma a sha'anin waƙa ji ne a gaba. Shakespeare ma ya taɓa shigowa Hausa, domin marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara ɗaya daga cikin wasanninsa da sunan Daren Sha Biyu.

Sai John Milton. Ya makance gaba ɗaya wajen 1652, yana tsaka da yi wa gwamnatin da ta kawar da sarauta aiki, kuma da sarauta ta dawo a 1660 har tsare shi aka yi. A cikin wannan hali na makanta da faɗuwar siyasa ya tsara Paradise Lost, ɗango fiye da dubu goma a kan fitar Adamu da Hauwa'u daga Aljanna bisa ruwayar Kirista. Yakan tsara baitoci a ka da dare, da safe ya yi shifta wani ya rubuta. An buga ta a 1667. Ban taɓa karanta wannan tarihi ba tare da Aliyu Namangi ya faɗo mini a rai ba, makahon Zariya da ya bar mana Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa, wanda kuma har gobe makafi ke rera baitocinsa a kasuwanni irin Gujungu. Aƙidarsu daban, harshensu daban, tsakaninsu ƙarni uku. Amma dukansu sun auna kowane ɗango da kunne ne, domin ba su da idon duba takarda. Ɗalibin da aka fara rera masa Imfiraji kafin a buɗe masa Milton ya san ta inda zai shiga.

Mai kukan burtali

A ƙarshen ƙarni na 18 waƙar Turanci ta sauko daga falon masu hali ta nufi gona. Robert Burns na Sikotilan manomi ne mai riƙe garma, kuma da karin harshen garinsu ya yi yawancin waƙoƙinsa. William Blake ya yi kukan yaran da ake cusawa cikin bututun hayaƙi su share. William Wordsworth da Samuel Coleridge suka fitar da Lyrical Ballads a 1798, da niyyar yin waƙa da harshen da mutane ke magana da shi. John Keats tarin fuka ya kashe shi a Rum a 1821 yana ɗan shekara 25. Waɗannan su ne sunayen da manhaja ta saba kawowa. Wanda nake so a sani a Jigawa kuwa ba a cika ambatonsa ba.

Sunansa John Clare. An haife shi a 1793 a ƙauyen Helpston, ɗan lebura, shi ma ya tashi yana ƙwadago a gonakin mutane. Ya rasu a 1864. Waɗannan shekaru biyu su ne na haihuwa da rasuwar Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda a daidai lokacin take tsara waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa tana ba jajis su kai wa matan karkara. Ba su taɓa jin labarin juna ba. Abin da ya ci ran Clare shi ne dokar da majalisar Ingila ta yi a 1809 ta killace filayen ƙauyensu. Kafin nan akwai fili na kowa da kowa, inda talaka ke kiwon saniyarsa, ya yi itace, ya bi hanyar da kakanninsa suka bi. Sai aka auna, aka raba wa masu ƙarfi, aka kafa shinge, aka sare itatuwa, aka toshe hanyoyi, aka karkatar da rafuka. Clare ya bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunansu a waƙa kamar mai kiran sunan mamata. Ya san sheƙar kowane tsuntsu da lokacin furen kowace ciyawa, kuma ya ƙi barin kalmomin ƙauyensu duk da matsin masu gyaran littafi. Littafinsa na farko ya fito a 1820, aka yi ta yayinsa a Landan na ɗan lokaci, sannan aka watsar. Daga baya hankalinsa ya taɓu. A 1841 ya gudu daga gidan jinya ya taka kimanin kilomita 130 cikin kwana huɗu zuwa gida, har ciyawa ya ci a hanya don yunwa. Sauran shekarunsa fiye da ashirin a asibitin masu taɓin hankali na Northampton ya yi su, yana ta waƙa.

Yanzu a kai wannan labari ajin da rabin yaransa 'ya'yan manoma ne, wasu kuma 'ya'yan Fulani. A wannan yanki na kogin Haɗeja kowa ya san abin da ake nufi idan an ce gona ta cinye burtali, ko an yanka makiyaya, ko an toshe mashaya, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya idan kaka ta yi. Waɗannan yara sun fi ɗan birnin Landan na yau kusa da abin da Clare ke kuka a kai. Haka waƙar Binsey Poplars da Gerard Manley Hopkins ya yi a 1879, wadda ta kasance cikin manhajar WAEC ta 2021 zuwa 2025. Ɗalibai sun sha wuya da ita saboda sarƙaƙiyar Turancinta, alhali abin da ke ciki bai wuce wannan ba: mutum ya koma bakin kogi kusa da Oxford ya tarar an sare jerin itatuwan da ya saba gani, ransa ya ɓaci. Wanda ya taɓa komawa ƙauyensu ya tarar tsamiyar dandali ko gawon bakin gona sun zama buhunan gawayi a gefen titi, ya riga ya fahimci jigon. Kalmomin kawai suka rage a warware masa.

Harshen da ya zo da bindiga

Dole a faɗi ɗaya gefen. Turanci bai zo ƙasar nan da sallama ba. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Haɗeja kuma a Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya aka kashe shi tare da jama'arsa masu yawa. Shekaru kaɗan kafin nan, a 1899, Rudyard Kipling ya yi waƙar da ke nuna mulkin mallaka a matsayin nauyin da Bature ya ɗauka don taimakon wasu. Wannan ma waƙar Turanci ce, kuma ya kamata a koya wa yara ita su san yadda ake yi wa zalunci kwalliya da fasaha. Iyayen da ke ɗar-ɗar da adabin Turawa, saboda giya da soyayya da aƙidar da ba tamu ba, suna da dalilinsu. Sai dai zaurukan malamanmu sun daɗe da ba da amsa. A can ana karanta waƙoƙin Imru'ul Ƙais da sauran mawaƙan Jahiliyya tare da Ishiriniya da Burda, don a mallaki harshe a san fasaha, kuma ba wanda ya bar addininsa saboda haka. Malami ne ke zaune yana rarrabe tsaki da tsakuwa.

Waɗanda suka fara shan bokon ma ba su bar gida ba. Mu'azu Haɗeja, ɗan wannan jiha ta Jigawa, malamin makaranta ne da ya san Turanci, amma da Hausa ya yi Tutocin Shehu da waƙoƙinsa na Giya da Karuwa da Ilmin Zamani kafin rasuwarsa a 1958. A shekarar ce kuma Sa'adu Zungur ya rasu, wanda ya yi karatu har Kwalejin Yaba, ya bar mana Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Sanin harshe biyu ƙara musu kaifi ya yi.

A can ƙetare kuwa, waɗanda aka ɗora wa harshen da ƙarfi sun juya shi ya zama nasu. Phillis Wheatley yarinya ce da aka sato daga Afirka ta Yamma aka sayar a Boston a 1761. A 1773 aka buga littafin waƙoƙinta a Landan, bayan sai da manyan garin Boston suka sa hannu a takardar shaida cewa ita ta rubuta, domin mutane sun ƙi yarda baiwa baƙar fata za ta iya. Daga ita hanya ta miƙe har zuwa Langston Hughes da Maya Angelou a Amurka, da Derek Walcott na tsibirin Saint Lucia da ya karɓi kyautar Nobel a 1992. A nan gida akwai Gabriel Okara, da Christopher Okigbo da ya mutu a yaƙin basasa a 1967, da J. P. Clark wanda ya yi waƙa a kan shanun Fulani da ake korawa kudu zuwa mayanka, irin shanun da ake lodi a Maigatari duk Alhamis. Wole Soyinka a kurkukun Kaduna ya tsara wasu waƙoƙinsa, kafin Nobel ɗinsa na 1986. Niyi Osundare ya sa wa littafinsa na 1983 sunan waƙoƙin kasuwa, yana nufin a fitar da waƙa daga jami'a a kai ta inda jama'a suke. Arewa ma ta shiga sahu: Janar Mamman Vatsa soja ne mawaƙi, Umar Abubakar Sidi na Sakkwato ya fitar da The Poet of Dust, Saddiq Dzukogi na Minna kuma ya fitar da Your Crib, My Qibla a 2021, marsiyyar 'yarsa da ta rasu tana ƙarama. Kalmar alƙibla ce zaune a kan bangon littafin Turanci da wata jami'ar Amurka ta buga.

Marsiyya

A nan ne, a wurin marsiyya, na ga waƙoƙin biyu sun fi kusantar juna. Milton ya yi wa abokin karatunsa da ya nutse a teku a 1637. Alfred Tennyson ya shafe shekara 17 yana tsara ta amininsa Arthur Hallam kafin ya fitar a 1850. Wilfred Owen ya yi wa samarin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye, shi ma aka kashe shi ranar 4 ga Nuwamban 1918, saura mako guda a tsagaita wuta. Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa ƙawayenta mata. Amma wadda ta fi tsaya mini ita ce ta Thomas Gray ta 1751, domin ba sarki ya yi wa ba, ba kuma aboki ba. Maƙabartar ƙauye ya shiga da magariba, ya tsaya kan kaburburan manoman da ba wanda ya san sunansu a wajen garin, yana tunanin irin baiwar da talauci ya binne tare da su.

Daren Talata, 15 ga Oktoban 2024, tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, ta kama da wuta. Mutum fiye da 150 suka rasu, akasarinsu matasa, aka yi musu jana'iza aka binne da yawansu a kabari ɗaya. Allah Ya jiƙansu da rahama. Jaridun duniya sun kawo adadi, suka wuce zuwa wani labarin. Adadi ba ya riƙe sunan kowa, ba ya faɗin wanda ya bar amarya, ko wanda ya bar shinkafarsa a fadama ba a yanka ba. Wannan aikin mawaƙi ne, kuma mawaƙin da zai iya shi, da Hausa ko da Turanci ko da duka biyun, yana nan cikin yaran da suka san waɗannan gidaje. Watakila yanzu haka yana aji biyar na sakandare, yana haddace jigo da salo daga littafin taƙaitawa.

Jigawa tana da inda za a fara. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, da Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke yaye malaman da za su tsaya gaban waɗannan yara. Roƙona ga malaman Turanci da na Hausa a makarantun Taura da Ringim da Jahun da Dutse shi ne su riƙa haɗa darasi ko da sau ɗaya a zango. Malamin Hausa ya rera Mu'azu Haɗeja, na Turanci ya karanta Clare ko Hopkins da murya, sau biyu ko uku, kafin a taɓa alli. A bar yara su faɗi abin da suka ji da Hausa tukuna, sannan a nemi Turancinsa. Daga nan a ce kowa ya je ya rubuto ɗango goma a kan wata bishiya, ko wata hanya, ko wani mutum da garinsu ya rasa, ya zo ya karanta wa 'yan ajinsu a tsaye.